Tukwanen Rufe Kabari da Raunin Ƙiyasinsu da Na Girkawa

Wani ra'ayi ya fara yaɗuwa tsakanin ɗalibai, cewa jera fasassun tukwane a bakin ramin kabari, kamar yadda aka saba wajen jana'iza a Ƙofar Na'isa da sauran unguwannin birnin Kano, ragowar maguzanci ne. Hujjar da suke kafawa ita ce Girkawan dā ma sun binne matattunsu da tukwane. Wannan ƙiyasi ne tare da bambanci.

A birnin Atina, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana ajiye wa mamaci wani siririn tulu mai farin shafe da zane, lekitos, da mai a ciki. An samu irinsa da yawa a maƙabartar Keramaikos, unguwar magina tukwane da ke bakin ganuwa, inda masu ziyarar wurin bautar Elusis suke kama hanya. Tulun kyauta ne ga mamaci, kamar yadda ƙananan tukwanen wuraren ziyara suke baiko ga alloli. Har akan yi wa wasu ɗan ƙaramin ciki a ɓoye, don a zuba mai kaɗan a ga kamar tulu ya cika.

Tukunyar Kano kuwa ba ta ɗauke da komai, ba zane, ba suna. Fasa ta ake yi, a kifa, a toshe kafofi da danyar ƙasa, don kada ƙasa ta zubo wa gawa. Malikiyya sun daɗe da tsara wannan babi. Muslim ya ruwaito wasiyyar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa a yi masa lahadu a jera tubali, kamar yadda aka yi wa Manzon Allah (SAW). Shehu Halil a Mukhtasar ya fifita ɗanyen tubali, sai katako, sai ƙarmud, wato gasasshen yumɓun rufin ɗaki, sai gasasshen bulo, sai kara. Tukunya ta fi kusa da ƙarmud.

Da masu ra'ayin sun ce an bar mafifici an kama mai bi masa, da maganarsu ta tsaya da ƙafafunta, domin tubali ba ya wuya a Kano. Amma sun ɗauki mas'alar fifiko sun kai ta babin aƙida, har akan ji ana musu a bakin kabari alhali gawa tana jira.

Mai neman abin da ya yi kama da na Girkawa a ƙasar Hausa, sai ya duba kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda aka tono kayan ado da aka binne tare da masu su.