'Yancin Jarida da Rediyon Hausa: Sharhi a kan Masu Sa Ido da Masu Tsawata wa Kai

1.0 Gabatarwa

Abin da za mu duba a wannan takarda shi ne aikin ƙungiyoyi iri biyu da suka ɗora wa kansu tsaron 'yancin jarida a Nijeriya. Iri na farko su ne masu sa ido, watau waɗanda ke ƙirga duk wani ta'adi da aka yi wa ɗan jarida, kamar kamu da duka da rufe gidan watsa labarai, sa'an nan su buga rahoto duniya ta ji. Iri na biyu kuwa su ne majalisun da ake kafawa don 'yan jarida su riƙa tsawata wa junansu, tun kafin gwamnati ta ɗaga musu sanda. Ra'ayinmu shi ne, dukkan biyun an ɗinka su ne daidai jikin jaridar Turanci da ake bugawa a Ikko. Da aka zo sa wa rediyon Hausa wannan riga sai ta ɗage, alhali kuwa ta rediyo akasarin Hausawa ke jin abin da duniya ke ciki.

2.0 Abin da masu sa ido ke gani

Lalle ba banza aka fara wannan ƙirga ba. A shekarar 1973 aka yi wa Minere Amakiri, wakilin jaridar Nigerian Observer a Fatakwal, bulala 24 aka kuma aske masa kai, don ya buga koke-koken malaman makaranta ranar bikin haihuwar gwamnan soja na jihar. A 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 4, wadda ta sa ko labarin gaskiya ne, muddin ya kunyata ma'aikacin gwamnati, ya zama laifi. Ranar 19 ga Oktoba 1986 aka kashe Dele Giwa da bam ɗin da aka aiko masa cikin ambulan. A irin wannan zamani ne aka kafa ƙungiyar CPJ a Amurka a 1981, da RSF a Faransa a 1985, da MRA a Ikko a 1993, da MFWA a Ankara ta ƙasar Gana a 1997. Abin da suka tarar shi ya koya musu abin da za su ƙirga: mutum nawa aka kama, nawa aka doka, nawa aka kashe, jarida nawa aka hana fita.

Ba za mu ce waɗannan ƙungiyoyi sun yi biris da Arewa ba, don kuwa duk lokacin da aka taɓa wani gidan rediyo sukan yi magana. Sun yi a 2006, sa'ad da hukumar NBC ta taƙaita wa gidan rediyon Freedom na Kano lokacin watsa shirye-shirye, ana tsakiyar rigimar tazarce. Sun yi a 2022, da aka dakatar da shirin Idon Mikiya na gidan rediyon Vision, da kuma sa'ad da aka ci tarar gidan talabijin na Trust naira miliyan 5 saboda shirin da ya yi a kan 'yan bindiga. A watan Oktoba na wannan shekara gwamnatin Zamfara ta rufe wasu gidajen rediyo da talabijin don sun ɗauko taron 'yan hamayya, nan ma ba su yi shiru ba. Har ila yau, ƙarar da MRA ta shigar ce ta sa Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci a watan Mayu 2023, cewa hukumar NBC ba kotu ba ce, saboda haka ba ta da ikon cin tarar kowa. Wannan babban aiki ne.

Inda muke da ja shi ne, ƙirga ba ta kama sai abin da ya auku a rana kaza, a wuri kaza, ga mutum kaza. Takunkumin da ke bakin rediyo kuwa kullum yana nan, ba shi da ranar da za a rubuta. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowa damar kafa jarida, amma ya ce ba mai kafa gidan rediyo ko talabijin, in ba gwamnati ba, sai da izinin shugaban ƙasa. Ke nan kafar da mai karatun Turanci ya dogara da ita an sake ta, wadda manomi da ɗan tireda da matar aure suka dogara da ita an riƙe igiyarta tun daga tushe. Mai gidan rediyon da ya san lasisinsa na hannun wani, ba sai an aiko masa da 'yan sanda ba; da kansa zai kira mai gabatar da shiri ya ce a sassauta. Shirin da aka soke ta haka ba ya shiga lissafin kowa, kuma shekarar da aka soke irinsa da yawa tana iya fitowa a rahoto a matsayin shekarar da aka zauna lafiya.

Daɗin daɗawa, akwai batun kuɗi. Tun da dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa gidajen rediyo, da yawansu da sayar da fili suke rayuwa: ɗan siyasa ko gwamnati ta sayi minti kaza, a faɗi abin da take so. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnan da ya ji haushin wani gida ba ya bukatar ya rufe shi, ya isa ya janye tallace-tallacensa ko ya ƙi biyan bashin da ake binsa. Gaskiya ne tun daga 2022 RSF ta sa yanayin tattalin arziki cikin ma'aunai biyar da take auna ƙasashe da su. Amma maki ɗaya take ba Nijeriya baki ɗaya, kuma maki ɗaya ba zai bambanta halin da jaridar Ikko ke ciki da na ƙaramin gidan rediyo a Gusau ko Dutse ba.

3.0 Majalisun tsawata wa kai

Tarihin majalisar 'yan jarida a Nijeriya tarihin ja-in-ja ne. An yi mata doka a 1978, 'yan jarida suka ƙi ta, don sun ga hannun gwamnati ya yi yawa a ciki. An sake gwadawa a 1988, sai a 1992 aka samu ta zauna. Da aka yi wa dokar kwaskwarima a 1999, gab da soja za su sauka, masu gidajen jaridu suka tafi kotu. Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2010, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci a 2015. Majalisar da waɗanda za ta hukunta suka shekara da shekaru suna ƙararta, ba sai an tambayi irin kwarjininta ba.

A watan Afrilu 2023 ƙungiyoyin masu jaridu da editoci da NUJ, tare da ta gidajen rediyo da talabijin, suka kafa hukumar sauraren ƙorafi tasu ta kansu, ƙarƙashin shugabancin Emeka Izeze. Ba a jima ba ta samu gwaji. A watan Yuli 2024 jaridar Daily Trust ta buga cewa yarjejeniyar Samoa da Nijeriya ta sa wa hannu tana ƙunshe da sharuɗɗan goyon bayan masu neman jinsi guda. Gwamnatin Tarayya ta kai ƙorafi gaban hukumar, hukumar ta bincika ta ce labarin ba daidai ba ne, jaridar kuma ta nemi gafara. Idan muka tuna abin da ya sami Thompson da Irabor shekara arba'in kafin nan, dole mu yarda an ci gaba: ba wanda ya kwana a kurkuku, kuma kuskure ya amsa sunansa.

To, amma ina labarin ya kai kafin hukunci ya fito? Ya riga ya shiga huɗubobi da majalisun hira da shafukan Facebook cikin Hausa, ya isa kunnen mutanen da ba su taɓa riƙe jaridar ba. Hukunci ya gyara jarida, bai bi labarin inda ya tafi ba. Nan ne muke ganin rigar ta ɗage. Tsarin gyaran kuskure na jarida ya ginu ne a kan cewa wanda ya karanta ɓarna jiya shi zai karanta gyara gobe a shafi guda. Magana kuwa zarar bunu ce.

Wannan ya kawo mu ga sojojin baka, waɗanda duk mai sauraren rediyo a Kano ya san su. Mutane ne da ke shiga filayen siyasa suna kare ubangidansu suna yagar abokin hamayyarsa, wani lokaci har a taɓa iyaye da iyali. Masu nazarin adabin baka za su ga kamarsu da maroƙa, wajen kirari da zambo da habaici, sai dai maroƙi ya san dandalinsa, shi kuwa wannan muryarsa har cikin ɗakin kowa. Ba 'yan jarida ba ne. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 ba su hau kansu ba, ba su da katin ƙungiya balle a ƙwace. Gidan da ya sayar musu da fili shi ne mai alhaki, shi kuwa yana ganin abincinsa ne.

Mun san inda sakaci irin wannan kan kai. A watan Fabrairu 2013 gidan rediyon Wazobia na Kano ya watsa wani shiri na Sandar Girma da ya soki rigakafin shan inna. Kwana kaɗan bayan haka 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi aƙalla tara a cikin birnin. Aka kama wasu ma'aikatan gidan aka gurfanar da su gaban kotu, hukumar NBC ta dakatar da lasisinsa. Masu sa ido suka ƙirga kamun a matsayin ta'adi, kuma suna da hujja, don ɗora wa mai magana alhakin abin da mai bindiga ya aikata ba ƙaramin abu ba ne. Amma tambayar ko shirin ya kiyaye ƙa'idar aiki, ba a samu wata majalisa ta 'yan sana'ar da jama'a suka yarda da ita da ta amsa ta ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da babu mai faɗa a gida, sai 'yan sanda suka zama alƙalan aikin jarida.

Haka aka maimaita a watan Mayu 2025, sa'ad da gwamnatin Kano ta ba da sanarwar hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye, ta ce duk wanda za a yi hira da shi sai ya sa hannu cewa ba zai ci mutuncin kowa ba. Gwamnati ta ce da yardar shugabannin gidajen aka yi. Mu a ganinmu wannan shi ne mafi hatsarin duka, don ya ari sunan tsawata wa kai. Yarjejeniyar da aka ƙulla a gaban kwamishinan watsa labarai, tsakanin mai ba da talla da masu jiran tallarsa, ba ta zama ta 'yan sana'a ba ko da kowa ya ce ya yarda. Kuma ba wanda ya tabbatar mana cewa sojan bakin gwamnati da na 'yan hamayya da mudu ɗaya za a auna musu.

Wani zai ce ai Bahaushe ya san wannan tsari tun da can, tunda kowace sana'a tana da sarkinta, kamar Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska, masu sasanta 'yan sana'a ba sai an je gaban alƙali ba. Haka ne, kuma ya nuna ba baƙon abu za a kawo mana ba. Sai dai kada mu manta, fada ce ke naɗa waɗannan sarakuna. Mahauci ba aikinsa ba ne ya binciki fada, ɗan jarida kuwa sashe na 22 na tsarin mulki ya ɗora masa bin diddigin gwamnati. Sarkin da gwamna ya naɗa wa 'yan jarida, majalisar 1978 ce ta dawo da rawani.

Abin da muke ganin zai yi aiki shi ne gidajen rediyon kowace jiha su kafa majalisar ƙorafi tasu, da tsofaffin ma'aikata da lauyoyi da malamai da wakilan masu sauraro, mata a ciki, ba tare da kujerar gwamnati ba. Ta karɓi ƙorafi da baka, cikin Hausa, ko ta waya ne. In ta yanke hukunci, a karanta shi a cikin shirin da aka yi ɓarnar, a daidai lokacinsa, kuma sojan bakin da wani gida ya dakatar kada maƙwabcinsa ya buɗe masa ƙofa. Su kuma masu sa ido su riƙa bin shirye-shiryen da suka ɓace ba sanarwa, da bashin talla da gwamnatoci ke riƙewa, da watannin da ma'aikata ke yi ba albashi. Mafi wuya a cikin waɗannan shi ne rufe wa sojan baka ƙofa, domin gidan da ya kore shi ya kori kuɗin man janareta ne, kuma a gari irin Kano, inda gidajen rediyo suka yi yawa, gida ɗaya ya karya alkawari ya isa ya rusa na sauran.