Lamba ce ƙarshen sanin jirgin ƙasa

A Ingila akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tsayawa a bakin tasha suna rubuta lambar kowane kan jirgi da ya wuce. Abin ya bunƙasa ne daga 1942, lokacin da Ian Allan, wani matashin ma'aikacin kamfanin Southern Railway, ya buga ɗan littafi mai jerin lambobin kawunan jiragen kamfanin. Yara suka riƙa ja wa kowace lambar da suka gani layi a ƙarƙashinta. Wannan ya sa ake zaton sana'ar duk karanta lamba ce. Ba haka ba ne. Gwani yakan gama gane jirgi tun lambar ba ta iso idonsa ba, domin aikinsa tacewa ne: ya san layin, ya san lokacin, ya ji ƙara, ya ga siffa, lambar kuwa shaida ce kawai a kan hukuncin da ya riga ya yanke.

Layukanmu sun isa misali. Dogon da ya iso Kano a 1911, da reshen Zariya zuwa Ƙaura Namoda na 1929, da na Nguru na 1930, duk faɗinsu milimita 1,067 ne, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa wancan, saboda haka inda mutum ya tsaya kaɗai ya kawar da rabin amsoshin. Sai kunne. Kan jirgi mai tururi da silinda biyu yana fitar da numfashi huɗu a kowane juyi na ƙafa, amma samfurin Garratt, wanda reluwen Najeriya ta yi aiki da shi, inji biyu ne a jiki ɗaya, don haka bugunsa yakan haɗu ya rabu. Na dizal, da suka fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, gurnani suke yi wanda ke sauyawa da nauyin kaya. Sannan ido ya ƙirga ƙafafu: biyu a gaba, takwas masu ja, biyu a baya, wato 2-8-2, tsarin samfurin River da aka raɗa wa sunayen koguna. Taragun ma suna magana, don na gyaɗa da auduga daban yake da na shanu. Masuncin Argungu da ke gane kifi daga motsin ruwa bai jira ya ga ƙaya ba, kuma hanyar tunanin ɗaya ce.

Za a ce wannan aikin marasa aikin yi ne, tunda ga shi bai kama ƙasa a wurinmu ba. Hujjar ta ɗauki sakamako a matsayin dalili. Tacewa tana bukatar jirage masu yawa, iri-iri, masu kiyaye lokaci. Yaron Gesse a Birnin Kebbi bai taɓa ganin dogo a jiharsa ba, reshen da ya nufo yankin ma a Ƙaura Namoda ya tsaya. Amma yaron nan zai bambance maka babur ɗin Bajaj da na Jincheng yana cikin ɗaki, daga ƙarar kawai. Kunnen yana nan, abin saurare ne babu.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro. Tun harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka gani a gefen dogo yana rubuta lokutan wucewar jirgi dole a tuhume shi, kuma ba a zalunce shi ba idan an tambaye shi. Sai dai lokacin tashin jirgin fasinja ba asiri ba ne, hukumar reluwe da kanta ke sanar da shi. Wanda ya san yadda ƙarar ƙafa a kan dogo take a kullum shi ne zai fara jin ranar da ta sauya, kuma irin wannan mutum za a bukata a Kazaure da Daura da Jibiya idan layin Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, ya fara aiki.