Ragar Roba a Tiyatar Zazzagowar Mahaifa: Wa Zai Cire Ta Idan Ta Ɓaci?

Zazzagowar mahaifa na faruwa ne idan tsokoki da jijiyoyin da ke riƙe mahaifa, mafitsara ko dubura suka saki, har sassan su sauko cikin farji. Yawan haihuwa, doguwar naƙuda da ɗaukar kaya masu nauyi duk suna jawo ta. Wanda ya san aikin da mata ke yi a fadamun shinkafar Bagudo ya san waɗannan dalilan ba baƙi ba ne.

Wajen shekarar 2002 aka fara sayar da wata raga da likita zai sa ta farji don ta tokare wurin. Da robar folifurofilin ake saƙa ta, dangin wadda ake buhun shinkafa da ita, sai dai tatacciya. An ara dabarar ne daga tiyatar gwaiwa. To amma naman farji ba bangon ciki ba ne: siriri ne, yana motsi, ga ƙwayoyin cuta. Abin takaicin shi ne, Amurka ta amince da ragar don ta yi kama da kayan da ke kasuwa, ba don an gwada ta sosai a jikin mata ba.

Da gwajin ya zo, bai mata daɗi ba. Binciken PROSPECT na Birtaniya, wanda mujallar Lancet ta buga, ya nuna ragar ba ta fi ɗinki da naman mace ba, kuma fiye da mace 1 cikin 10 ta samu matsala da ita cikin shekara biyu. Takan huda nama ta leƙo, ta kawo zubar jini da zafi wajen saduwa. Ingila ta dakatar da aikin a 2018, sannan a Afrilun 2019 hukumar FDA ta Amurka ta hana sayar da ita.

A lura fa, hanin na wadda ake sawa ta farji ne. Wadda ake ɗaurawa ta cikin ciki har yanzu ana aiki da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ragar ta ɓaci. Nama kan tsiro ya shiga ramukanta, don haka cire ta aiki ne na ƙwararre, wani lokacin tiyata fiye da ɗaya, kuma ba lallai ta fita duka ba. Macen Landan ma ta sha wuya kafin a saurare ta. Ina ga ta Lolo ko Tsamiya, ko wadda ta tsallako daga Segbana a Benin, da sai an haɗa kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi? A ganina, duk asibitin da ba zai iya bibiyar mace shekaru ba, bai kamata ya sa mata raga ba.

Akwai zoben silikon da ake sawa ba tare da tiyata ba, a riƙa cirewa ana wankewa bayan 'yan watanni, ga kuma ɗinki da naman jikin mace. Idan za a yi wa Inna aiki, ku tambayi likita: za a bar wani abu a jikinta? Mene ne sunansa? A rubuta muku a kati.