Tarken Tarihin Rayuwar Jakada George Kennan

1.0 Gabatarwa

An haifi George Kennan a Milwaukee ta ƙasar Amurka a 1904, ya rasu a 2005. Ya yi jakadanci a Tarayyar Sobiyet a 1952, sannan a Yugoslabiya daga 1961 zuwa 1963. Wannan takarda za ta dubi littafinsa mai suna Memoirs 1925-1950, wanda ya fito a 1967, ya kuma ci lambar Pulitzer a 1968.

2.0 Jigo da Salo

Babban jigon littafin shi ne kare kai. A watan Fabrairu 1946 Kennan ya aika wa gwamnatinsa doguwar waya daga Mosko. A 1947 kuma ya buga maƙala a mujallar Foreign Affairs da sunan X, inda ya ba da shawarar a yi wa Sobiyet shinge, a hana ta faɗaɗa. Shugabannin Amurka sun ɗauki shingen a matsayin na soja da makamai. Shi kuwa marubucin ya ce nufinsa shingen siyasa da tattalin arziki, ya kuma amsa cewa bai fayyace hakan ba.

Ta fuskar salo, ba a cin sa gyara. Jimlolinsa a tsare suke, yana kuma siffanta birane da mutane kamar mai rubuta ƙagaggen labari.

3.0 Rauni

Sai dai daɗin salon yana iya ruɗar mai karatu. Maƙalar 1947 ta ce a tari Sobiyet duk inda ta ɓullo, ba ta ware wani yanki ba. Tun a shekarar ɗan jarida Walter Lippmann ya yi gargaɗin cewa wannan zai jefa Amurka cikin rigingimu marasa iyaka. Kennan ya soki yaƙin Biyetnam a gaban Majalisar Dattawa a 1966, amma magana zarar bunu ce. Littafin ya fi nuna shi a matsayin wanda ba a fahimta ba, alhali da hannunsa ya zaɓi kalmomin.

4.0 Kammalawa

Ya kamata ɗalibi ya karanta littafin tare da maƙalar, ya gwama abin da marubuci ya rubuta a 1947 da abin da ya ce yana nufi bayan shekara 20.