Gwanin da ke bin sawun Wi-Fi

Idan Wi-Fi ya ɗauke a kwamfutar tebur, yawancinmu abu ɗaya muka sani: a kashe a kunna, in ya ƙi a ce ai netwok ne. Gwanin gyara ba ya saurin ɗora wa kowa laifi. Abin da ke burge ni da shi shi ne yana bin matsalar daki-daki tun daga tushe, kuma ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda, don in ya taɓa biyu aka dace, ba zai san wanne ya yi maganin ba.

Da fari yakan duba ko kwamfutar ma ta san tana da katin Wi-Fi, tunda da yawa daga na tebur ba sa zuwa da shi, sai an dasa a ciki ko an cusa ɗan ƙaramin na USB. A Windows zai leƙa Device Manager, a Linux ya rubuta lspci ko lsusb. In katin ya bayyana amma ya yi shiru, sai ya nemi direbansa. Katuna da dama ba sa motsi sai da wani ɗan fayil na kamfanin da ya ƙera su, kuma masu Debian, wani nau'in Linux, sun sha wuyar wannan, domin sai a 2023, da fitowar Debian 12, aka fara zuba irin waɗannan fayiloli cikin faifan girkawa na hukuma.

Daga nan sai ya tashi daga kujera ya zaga bayan akwatin kwamfutar, inda ba kowa ke tunanin dubawa ba. Akwatin ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tare sigina, ga shi an tura shi ƙarƙashin tebur an jingina da bango. Sau da yawa eriyoyi biyun da ke zuwa da katin suna cikin kwali, ba a ko ɗaura su ba. Akwai kuma abin da kamfanin Intel ya bayyana tun 2012: na'urorin USB 3.0 suna fitar da hayaniyar da ke dagula zangon 2.4 GHz. Saboda haka ƴar igiyar ƙari da za ta ɗaga katin USB zuwa saman tebur kan warware abin da aka kwana ana fama da shi. In maƙwabta sun cika zangon, zai mayar da rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, kan tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, waɗanda ba sa hawa kan juna, ko ya koma 5 GHz in babu katanga mai kauri a tsakani.

Amma inda gwaninta ke fitowa fili shi ne lokacin da kwamfuta ta ce ta haɗu, shafi kuwa ya ƙi buɗewa. Zai duba adireshin da ta samu. In ya fara da 169.254, to rauta ba ta ba ta komai ba, kwamfutar ce ta laƙaba wa kanta. In adireshin lafiya lau ne, sai ya ɗauko ping, ƴar manhajar da Mike Muuss ya rubuta a 1983, ya ƙwanƙwasa ƙofa uku bi da bi: rauta, sannan 8.8.8.8 na Google, sannan sunan wani shafi. Rauta ta amsa amma ta biyu ta yi gum? Matsalar tana wajen mai sayar da data, ko kuma datar ce ta ƙare, abin da ba a son faɗa a gaban maigida. Lamba ta amsa amma suna ya ƙi? DNS ne, mai juya suna zuwa lamba, kuma gyaransa bai kai minti biyar ba.

A Linux yakan kuma tabbatar manhajoji biyu, kamar NetworkManager da ConnMan, ba sa kokawa kan kati ɗaya. Ɗaya ake bari, a kashe ɗayar.

Don haka mai karatu, in mai gyara ya ce sai an goge kwamfutarka kaf an sake zuba Windows, tambaye shi ko ya gwada ping tukuna. In bai gwada ba, nemi wani.