3.4 Surfanin Keke a Kan Atamfa

A sashen da ya gabata an yi bayani a kan aikin hannu da ake yi wa manyan riguna, irin su aska biyu da aska takwas, waɗanda David Heathcote ya nazarta a kundinsa na digiri na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a shekarar 1979. A nan kuwa za a dubi surfanin keke ne, musamman wanda ake yi a kan atamfa.

Abin da ake nufi da wannan surfani shi ne aikin da tela kan yi bayan ya saukar da haƙoran nan na keke masu jan yadi, ko ya rufe su. Daga nan sai ya ɗaure yadin tamau a cikin zobe, ya riƙa juya shi da hannu a ƙarƙashin allura. Wato ke nan allura tana tsaye a wuri guda kamar alƙalami, yadin ne ke yawo. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun a shekarar 1911 kamfanin Singer ya buga littafin koyar da ita.

Matsalar da wannan nazari ya hango ita ce, atamfa ba shadda ba ce. Shadda launinta ɗaya ne, zanenta kuma a cikin saƙa yake, don haka duk abin da tela ya ɗora mata shi ido zai fara gani. Ita kuwa atamfa, ko ta Holan ce wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, ko irin wadda masaƙun Kaduna suka riƙa bugawa a da, ta riga ta zo da furanninta da ganyayenta da launuka uku ko huɗu. Tela ya tarar da wani mai zane ya riga shi aiki a kan yadin.

Teloli da yawa ba su kula da wannan bambanci ba. Sukan ɗauko fasalin wuyan da suka saba yi wa shadda, su dasa shi a kan atamfa da zare mai ƙyalli, ba tare da sun dubi inda fure ya faɗo ba. Sai a ga aiki ya yanke fure biyu, rabi a waje, rabi a binne. Mai kallo ba zai gane atamfar ba, ba kuma zai gane aikin ba. Bayan haka, atamfa auduga ce marar kauri, idan aka cika mata zare a wuri ɗaya takan tattare, musamman bayan wankin farko da sitacinta ya fita. (Mai rigar kan ɗora laifin a kan mai wanki, alhali tun daga shagon tela aka samo shi.)

Gwanin tela kuwa atamfar yake fara karantawa. Yakan zaɓi launi ɗaya daga cikin waɗanda ke jikinta, ya bi gefen ganye da shi, ya cike cikin fure ɗaya ya bar biyu haka nan. Wani lokaci ma yakan yanko furen daga ragowar yadi, ya ɗinke shi a wuya ko a hannu. A irin wannan aiki da wuya a gane inda bugun kamfani ya tsaya da inda zare ya soma, sai an sa hannu an shafa.

Ta wannan fuska ce surfanin keke ya fi na kwamfuta. Injin kwamfuta ya fi sauri da tsafta, amma zanen da aka loda masa shi zai yi ta maimaitawa, ko fure ya faɗo a tsakiyar ƙirji ko a kafaɗa. Tun da yake yanka ba ya faɗawa wuri guda a riguna biyu, ko da daga turmi ɗaya aka yanko su, kowace riga na bukatar a sake duba ta kafin a sa allura.