Sauri a suna, jira a bakin gudron

Duk sa'ad da aka tada zancen sufuri a Yamai, magana guda ce ke fara fitowa: a kawo muna bis masu sauri, waɗanda ba su tsayawa ko'ina. Tun da BRT ta Dakar ta fara ɗaukar fasinja a watan Mayu na 2024, zancen ya ƙara zafi a fada da cikin jami'a. Abin sha'awa ne, ba musu. Amma kalmar "sauri" ɗin nan tana ɓoye wani abu, kuma in ba mu tono shi ba, za a sayo motoci sababbi fil, mu kuwa mu ci gaba da gasuwa cikin rana.

Dakar ɗin ma ta daɗe da motoci masu sunan sauri. Tsofaffin motocin nan masu fenti shuɗi da rawaya "car rapide" ake ce musu, alhali sai sun cika suke tashi, kuma duk wanda ya ɗaga hannu sai a tsaya mashi. Faba-fabarmu ta fi su gaskiya. A Zabarmanci "faaba" taimako ne: a taimaka a kai ka, ba wanda ya yi maka alkawarin lokaci.

To mi ya sa BRT ta bambanta? Layin ya kai kilomita 18 da ɗan ɗori, tashoshi 23, daga Guédiawaye zuwa Petersen a tsakiyar gari. Mutane sun fi yaba cewa bis ɗin na lantarki ne, amma ba lantarki ke sa su isa da wuri ba. An ware musu hanyarsu su kaɗai, ana yankar tikiti kafin a shiga, kuma daɓen tasha daidai yake da ƙofar mota. Da haka aka yi niyyar maida tafiyar minti 90 ta koma 45. Birnin Kuritiba na Barazil ya fara wannan tsari tun 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, da motocin gazuwal. Ke nan asirin yana ga hanya, ba ga inji ba.

Abu na biyu shi ne jira, kuma nan ne masu kiran "express" suke tuntuɓe. Lissafin ba wuya. In bis na zuwa kowane minti 6, wanda ya iso tasha ba tare da duba agogo ba zai jira kamar minti 3. In kowane minti 40 ne, jiransa ya kai 20. Ko da motar ta rage maka minti 10 bisa hanya, ka riga ka yi asara tun kana tsaye. Ka ɗauka kuma layi yana da bis 10, sai aka cire 5 aka ce su ne masu sauri, ba su tsayawa ƙananan tashoshi. Mutanen ƙananan tashoshin nan jiransu ya ninka. An ɗebe lokacin mai tallar da ke tsakiyar hanya an ba ma'aikacin da ke ƙarshen layi, sannan aka raɗa wa abin suna ci gaba. In ba a ƙaro motoci ba, an dai sake rabon wahala ne.

Na uku, kuɗi. Tikitin BRT ta Dakar sefa 400 ne ko 500, wato dala tamanin ko dala ɗari. A kwaso wannan farashi a kawo Yamai: zuwa da komowa zai iya cin jika guda kullum. Kwana 26 na aiki jika 26 ke nan, ga shi mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun 2024. Wa zai shiga?

Sai mu dubi namu gari. Jami'ar Abdou Moumouni tana Harobanda, ƙetaren kogi, kuma gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ƙunci gare ta. An ƙara gada ta biyu a 2011, ta uku a 2021, amma wadda ta fi kusa da jami'a da tsakiyar gari ita ce tsohuwar. Ka sa bis mafi tsada a duniya bisanta da safe, bayan taksi da babura za ta bi, taki-taki. Ko an rubuta "express" a goshinta, ba za ta tashi sama ba.

Saboda haka duk wanda ya zo muna da alkawarin bis masu sauri, a yi mashi tambaya uku. Minti nawa tsakanin bis da bis? Nawa ne tikiti? Wace hanya za a ware musu, kuma motar wa za a kauda daga kanta? Ta ukun nan ta fi wuya, don gudron ba ya faɗaɗa da kansa. In an ba bis layi guda, an ƙwace shi ne daga masu motocin kansu, kuma galibi su ne ke zaune wurin da ake yanke shawara.